Layi Ɗaya, Numfashi Ɗaya: Kundin Aikin Zane da Addu'a

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ga ƙa'idar aikin. Na rubuta ta tun yanzu domin kada in riƙa sauya ta duk ranar da zanen ya ƙi yi mini kyau.

Takarda a shimfiɗe kan tebur, buroshi ɗaya, launi ɗaya. Idan ina jan numfashi, buroshi na sama, hannu na komawa gefen hagu, zuciya na cewa, "Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah." Da na fara sauke numfashi sai bakin buroshi ya taɓa takarda ya nufi dama, ina cewa, "ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." Inda numfashi ya ƙare, nan layi zai tsaya. Ba ƙari, ba gyara, ba komawa a cike gurbi. Layi na gaba ya zo ƙarƙashin na farko, haka har takarda ta cika ko lokacin addu'a ya ƙare.

Addu'ar numfashi ke nan: gajeriyar addu'a da ake raba ta biyu, rabi da shigar iska, rabi da fitarta, a yi ta maimaitawa har ta zauna a jiki. Ba hoton mai addu'a nake son zanawa ba, ba kurciya ba, ba gajimare ba. So nake takardar ta riƙe abin da addu'ar ta bari bayan ta wuce. Niyyata jerin takardu daga yanzu zuwa Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, wato 8 ga Yuni, da allon katako guda ɗaya da zan yi masa aikin zinariya.

Talata, 21 ga Janairu

Kayan aiki sun daidaita.

Takardar ta auduga ce zalla, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, girmanta santimita 56 da 76. Wadda ba ta kai wannan kauri ba tana tashi tudu da kwari idan ta sha ruwa, sai launi ya gangara ya taru inda hannu bai ajiye shi ba. Na kwantar da ita ta faɗi, domin santimita 76 sun ishi doguwar saukar numfashi muddin hannu bai yi gudu ba.

Da shuni na so in yi aikin, amma shunin baba na ainihi yana koɗewa a fentin ruwa idan haske ya daɗe a kansa. Sai na ɗauki altramarin, shuɗin nan da a da ake niƙawa daga dutsen lazuli na tsaunukan Badakshan a Afghanistan, mai tsadar gaske, har zuwa shekarun 1820 da aka gano yadda ake haɗa shi a Faransa. Ina zuba masa ɗan baƙin kunkunniya domin ya rage ɗaukar ido, in dama da ƙaro, wanda shi ke ɗaure launi a jikin takarda. Altramarin yana da wani hali da nake so: ƙwayoyinsa na kwanciya cikin ƙananan ramukan takarda, don haka layin ba ya fita sumul, yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa in ka matso kusa.

Tsoma ɗaya ga kowane layi. Saboda haka layi na farawa a jiƙe, da duhu, ya yi ta sirancewa, kafin ya kai ƙarshe gashin buroshi ya rarrabu, fari ya fara leƙowa ta tsakani. Haka ma saukar numfashi take, ta fara da ƙarfi ta ƙare da kyar. Ban shirya hakan ba, kayan aikin ne suka kawo shi da kansu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau karatu na yi, ban taɓa buroshi ba. Ina son sanin hannun da wannan addu'a ta bi kafin ta iso nawa.

Kalmominta daga Linjila suke, daga bakin mutum biyu da ba su da abin tunƙaho. Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko ya ɗaga murya, "Ya Yesu, Ɗan Dawuda, ka ji tausayina" (Markus 10:47), ana kwaɓarsa yana ƙara ɗagawa. Mai karɓar haraji kuma ya tsaya daga nesa a Haikali yana bugun ƙirji, "Ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi" (Luka 18:13). Sai umarnin Bulus a 1 Tasalonikawa 5:17 cewa a yi ta addu'a ba fasawa. Tambayar da ta dami masu bi tun farko ita ce: ta yaya mai aiki, mai barci, mai magana da mutane zai yi addu'a ba fasawa?

Sufayen hamadar Masar na ƙarni na 4 sun amsa da gajerun ayoyi da suke ta nanatawa. Abin da ya fi kama ni shi ne, ba zaune suke hannu rabbana ba. Suna tufka igiya, suna saƙa kwanduna, baki da zuciya na kan aya. Ashe haɗa aikin hannu mai maimaituwa da addu'a mai maimaituwa ba ƙirƙirata ba ce, tsohuwar hanya ce. Yahaya Kasiyan, wanda ya zauna tare da su kafin ya kafa gidajen sufaye a Marsai ta ƙasar Faransa ta yau wajen shekara ta 415, ya kai wannan koyarwa yamma, kuma ayar da ya miƙa ita ce Zabura 70:1, roƙon Allah ya yi hanzarin kawo taimako. A ƙarni na 7, Yahaya Kilimakus, shugaban gidan sufaye na Dutsen Sina'i, ya koyar cewa tunawa da Yesu ta haɗu da numfashin mutum.

A Dutsen Atos na ƙasar Girka ne aka tsara yadda jiki zai shiga ciki: a zauna, a sunkuyar da kai, a sassauta numfashi, hankali ya bi iska ya sauka zuwa zuciya. Wani malami mai suna Barlam, mutumin Kalabiriya ta kudancin Italiya, ya yi wa sufayen wurin ba'a, ya ce masu kallon cibiya ne. Girigori Falamas, wanda shi ma sufin Atos ne, ya tsaya musu, hujjarsa kuwa ita ce jiki ba abokin gāban addu'a ba ne, tun da Kalma, wato Almasihu, ya zama mutum, jiki kuma haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Tarurrukan ikilisiya a Kustantiniya, wato Istambul ta yau, a 1341 da 1351 suka goyi bayansa. Duk mai zane ya kamata ya gode wa wannan hukunci, domin sana'armu gaba ɗaya a kan jiki ta tsaya: wuyan hannu, kafaɗa, ido, ƙirji.

Amma dattawan wannan hanya sun yi kashedi, kuma na ɗauke shi da nauyi. Tiyofan, bishop ɗin Rasha da ya keɓe kansa ya rasu a 1894, ya nace cewa dabarar numfashi ba ita ce addu'a ba, kuma mai binta ba jagora yana iya cutar da kansa. Addu'a ita ce tsayuwar mutum gaban Allah da hankalinsa a cikin zuciyarsa. In haka ne ga numfashi, to balle buroshi. Jerin da zan riƙe shi ne: kalma gaba, numfashi na bin kalma, hannu na bin numfashi. Ranar da jerin ya juye, na koma mai ƙawata takarda kawai.

Talata, 11 ga Fabrairu

Layukan saman kowace takarda gajeru ne, na ƙasa sun fi tsawo, har gefen dama ya zama kamar gangara. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, amma nanata jimla mai tsawo na rage wannan. A 2001 Luciano Bernardi na Jami'ar Fabiya a Italiya da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya nuna karatun rosari, addu'ar carbi ta 'yan Katolika, da Latin yana saukar da numfashi zuwa kimanin 6 a minti. Abin sha'awa ne ganin hakan a takarda da idona. Sai dai ba neman natsuwar jijiya ya kawo ni nan ba. In ta zo, marhaba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na jingina takardun da suka bushe a bango na ja da baya, sai na lura da abin da ya tsayar da ni.

Duk abin da ido ke gani, wato shuɗin, rabin addu'ar ne kawai. Roƙon ne: ka yi mini jinƙai, ka yi mini jinƙai, layi bayan layi. Sunan Yesu kuwa yana faɗuwa ne a lokacin da buroshi ke sama, saboda haka bai bar launi ko ɗigo ba. Yana cikin farin da ke tsakanin layi da layi. Buƙatata ce ta cika takarda da tawada, Wanda nake roƙo kuma shi ne filin da ya ɗauke ta duka.

Wannan ya sa na fara kula da tazara. In layuka suka matsu, fari ya shaƙe, takardar ta yi nauyi kamar shinge. In suka yi nisa da juna, sai su zama baƙin juna. Na gwada auna tazarar da rula, na yi alama da fensir a gefe, sai aikin ya zama cike gurbin da aka riga aka tanada, hankali ya koma kan alamar. Na share alamun. Yanzu faɗin ɗan yatsa nake bari da ido, wani lokaci ya ƙaru wani lokaci ya ragu.

Akwai kuma ɗan tsaikon nan da ke zuwa bayan iska ta gama fita, kafin ƙirji ya sake buɗewa. Ba a cika lura da shi ba. A takarda yana fitowa a matsayin ɗan ɗigo mai duhu a ƙarshen layi, inda buroshi ya dakata kafin ya tashi. Wasu ranaku ɗigon babba ne, wasu ranaku babu shi sam, alamar ina sauri.

Laraba, 5 ga Maris

Larabar Toka, farkon azumin kwana arba'in kafin Ista. Tokar da ake shafawa a goshi a ikilisiyoyin da ke kiyaye ranar, daga ganyen dabinon Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke zuwa kafin Ista, ake ƙona ta. Ban nemi wadda aka keɓe domin sujada ba, wannan ba kayan zane ba ce. Busasshen ganyen da na ajiye na ƙona, na tankaɗe da kyalle mai laushi, na niƙa da ƙaro.

Toka ba launi mai ƙarfi ba ce. Tana fita fari-fari, da ƙaiƙayi a bakin buroshi, kana jin ƙarar ta a jikin takarda. Layinta in ya bushe sai ka karkata kai kafin ka gan shi sosai. Da ita zan yi aiki har Ista, shuɗi ya huta.

Farawa 2:7 ta ce daga turɓayar ƙasa Ubangiji Allah ya siffata mutum, ya hura masa numfashin rai a hanci. Farawa 3:19 ta ce ga turɓaya zai koma. Toka a buroshi, iska a ƙirji: abin da aka yi ni da shi ke nan, duka biyun, kuma ko ɗaya ba mallakina ba ne.

Laraba, 19 ga Maris

Wata 'yar'uwa cikin bangaskiya da ta girme ni, wadda nake jin maganarta, ta zo ta ga takardun. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ƙanena, suna da kyau. Amma ba Ubangiji ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ba? Kai kuma ga shi za ka rataye taka a bango. Sannan ina ka kai gargaɗin yawan maimaita magana?"

Na ce, "Yaya, ba ni lokaci in yi tunani." Ga abin da na samu.

Ta biyun ta fi sauƙi. Abin da Matiyu 6:7 ya hana shi ne surutun wanda ke zaton yawan kalmomi ne zai tilasta a saurare shi. Maimaitawa ita kanta ba laifi ba ce. A Getsamani Yesu ya koma karo na uku yana faɗar magana ɗaya (Matiyu 26:44). Zabura 136 ta nanata amshi guda a ayoyinta 26. Gwauruwar Luka 18 da ƙara ɗaya ta yi ta komawa wurin alƙali. Mai nanata "ka yi mini jinƙai" ba sanar da Allah yake yi ba, kansa yake dawo da shi wurin da ya bari.

Ta farkon kuwa ta fi nauyi, kuma ba na son in wuce ta da wayon baki. Gaskiya ne idon mai kallo yana iya shigowa ɗaki tun kafin a rataye komai. Kana tsakiyar layi sai wata murya ta ce, ƙara ja kaɗan, zai fi kyau kusa da na sama. Wannan muryar ce ainihin haɗarin aikin nan. Duk lokacin da aka biye mata, numfashi ya koma bawan hannu.

Don haka na yanke wasu abubuwa. Addu'ata ta asuba tana nan yadda take, ba buroshi, ba takarda, ba mai gani. Zanen ƙari ne a kanta, ba madadinta ba. Ba zan ɗauki bidiyon kaina ina aikin ba. Ba zan sayar da takardun ba. Ba kuma zan rubuta adadin layuka a jikinsu ba. A nan na tuna Roman Ofalka, mai zanen nan ɗan Folan da ya fara rubuta lambobi da fenti daga 1 a 1965, ya ci gaba har rasuwarsa a 2011, ya wuce miliyan 5. Ina girmama wannan naci matuƙa. Amma aikinsa lissafin lokaci ne, kowace lamba ta ɗara ta baya. A addu'a layi na ɗari bai fi na farko ba, kuma ba a tara su a kai wa Allah kamar rasit. Ko igiyar addu'ar 'yan Otodoks, Kiristocin ikilisiyar gabas, mai ƙulli 33 ko 50 ko 100, amfaninta ta sauke wa hankali nauyin ƙirga ne, yatsa ya riƙe lissafi zuciya ta sami sarari.

To me ya sa za a rataye su? Domin na ga abin da ya faru da ita kanta. Tana bin layi da ido daga hagu zuwa dama, kafaɗunta suka sauka, numfashinta ya bi tsawon layin ba tare da ta sani ba. In takarda za ta iya jan mutum ya yi numfashi ɗaya a natse, sunan Yesu na rubuce kusa da ita, to ba addu'ata nake nunawa ba, wuri nake gyara wa tasa. Na gaya mata haka. Ta ce za ta zo ta gani in an rataye, sannan ta faɗi ra'ayinta. Hakan ya yi mini.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Jiya bayan addu'ar tsakiyar mako, da izinin fasto, na shimfiɗa takardu ga duk mai son gwadawa. Mutane kaɗan suka tsaya. Na ce kowa ya zaɓi kalmominsa, in dai gajeru ne kuma daga Littafi suke. Wata uwa mai goyo ta ɗauki "Ubangiji makiyayina ne" da shiga, "ba zan rasa kome ba" da fita. Wani saurayi ya ɗauki roƙon uban yaron nan na Markus 9:24, "Na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata."

Abu ɗaya na ja musu kunne a kai: kada kowa ya tilasta wa ƙirjinsa. Jan iska da ƙarfi a kai a kai yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu su fara tsikari. Wannan ba aikin Ruhu ba ne, jiki ne ke kuka. Numfashin da ka shigo da shi ɗakin, da shi za ka yi addu'a.

Akwai wani dattijo da ciwon huhu ya daɗe yana damunsa. Daga inda nake ina jin shigar iskarsa da ɗan fito. Ya riƙe buroshi ya dubi faɗin takarda ya ce, "Ɗana, nawa ba za su kai ko'ina ba."

Na ce, "Baba, inda ya tsaya nan ne daidai."

Jimlar ta yi masa tsawo, sai ya rage ta da kansa: "Yesu" da shiga, "ji tausayina" da fita. Layinsa na farko bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na biyu ya karye a tsakiya saboda tari, buroshi ya yi tsalle ya bar ɗigo biyu. Ya ɗaga kai ya dube ni, na girgiza kai alamar kada ya gyara. Ya ci gaba. Yana kai buroshi cikin kwano a hankali, ya goge bakinsa a gefe sau ɗaya, ya kawo shi hagu da hannu mai ɗan rawa, ya jira iskar ta gama shiga da fitonta, sannan ya ja. Da ya gama, gajerun layuka ne jere a gefen hagu daga sama har ƙasa, sauran takardar duka fari fat.

A cikin duk abin da aka yi tun Janairu, har da nawa, ba takardar da ta kai wannan faɗin gaskiya. Ta kuma warware mini wani abu da ya fara shiga raina ba sallama, wato ganin dogon layi kamar shi ne addu'a mai kyau. Tsawon layi girman huhu kawai yake nunawa. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Mutumin da kowace shaƙa aiki ce a gare shi ya fi ni sanin wannan aya.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Jumma'ar gicciye. Bana ikilisiyoyin gabas da na yamma za su yi Ista rana ɗaya, 20 ga Afrilu, abin da ba kowace shekara yake faruwa ba.

Yau na sauya kalmomin zuwa na Luka 23:46, waɗanda Yesu ya ɗauko daga Zabura 31:5: "Ya Uba" da shiga, "na danƙa ruhuna a hannunka" da fita. Layi ɗaya na ja da toka a tsakiyar takarda, na ajiye buroshi. Sauran addu'ar na yi ta hannu a cinya. Ba na biyu da zai dace a ƙarƙashinsa.

Talata, 6 ga Mayu

Shuɗi ya dawo bayan Ista, kuma aikin allo ya kai inda nake ta ɗoki.

An daɗe ana shirya shi. Katako busasshe, an manna masa kyalle, sannan shafi bayan shafi na alli da aka dama da gam ɗin fata, kowane ya bushe kafin na gaba, a goge har ya yi santsi. A kan wannan farin na ja layukan shuɗi da launin da aka dama da gwaiduwar ƙwai, irin yadda masu zanen hotunan ibada na ikilisiyar gabas suke yi. Tsakanin layukan, inda a takarda fari yake, nan zinariya za ta zauna.

Kafin zinariya sai jan yumɓu. Ana tace shi har ya yi laushi, a dama da gam ɗin fata, a shimfiɗa da buroshi mai taushi, ya bushe, a goge da dutse mai santsi har ya ɗauki ƙyalli. Fallen zinariyar kuwa siririn gaske ne, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Yana zuwa cikin ɗan littafi mai falle 25, kowane murabba'i na kimanin santimita 8. In ka taɓa shi da yatsa ya narke a jikin fata. In ka yi magana kusa da shi ya tashi.

Ga inda aikin ya haɗu da addu'ar. Busasshen yumɓu ba ya kama zinariya. Hanyar da wasu masu zanen hotunan ibada ke bi ita ce su yi masa huci. Ka sunkuya har leɓe ya kusa taɓa allo, ka buɗe baki, ka fitar da iska daga can ƙasan ƙirji, a hankali, da ɗumi. Ba hurawa da tsukakken baki ba, wannan iska ce mai sanyi da gudu, ba ta jiƙa komai, sai dai ta kori fallen. Damshin hucin na farkar da gam ɗin da ke cikin yumɓu, za ka ga jan ya ɗan yi duhu. Cikin daƙiƙa kaɗan sai ka ɗora fallen ka danna, kafin damshin ya tafi. In ka yi jinkiri, ba zai kama ba. In yawu ya fita, wurin ya ɓaci, sai an sake.

Masu koyar da wannan hanya sukan tuna wa ɗalibai Farawa 2:7, yumɓu da numfashi. Ni kuwa Yahaya 20:22 ce ta riƙa zuwa mini, inda Yesu bayan tashinsa ya hura wa almajiransa ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki. A takarda, numfashina yana ba hannu lokaci ne kawai. A nan shi ne kayan aikin da kansa. Ba shi, ba abin da zai manne.

Sai dai ƙa'idar farko ta gamu da cikas a wannan mataki. Ba a iya furta kalma ana huci, kuma gaggawar ɗora falle na cinye hankali. Abin da na daidaita a kai shi ne in faɗi addu'ar cikakkiya tukuna, hannu a ajiye, sannan in sunkuya in yi hucin a matsayin aiki, ba tare da na ce shi ma addu'a ne ba. Gara in raba su da gaskiya da in haɗa su da suna kawai.

Wani tunani kuma: shin zinariya ba za ta yi wa farin nan ƙarfa-ƙarfa ba? Farin takarda bai ce komai ba, shi ya sa ya dace da sunan da ba a zana ba. Zinariya tana magana, tana kama hasken ɗaki ta mayar wa mai kallo. A tsohuwar al'adar hotunan ibada ma'anarta ke nan, hasken da ba daga fenti ya fito ba. Na yarda da ita a allo ɗaya tak, na Fentikos. Takardun za su zauna da farinsu.

Laraba, 21 ga Mayu

Rabin allon ya sami zinariya. Akwai wuraren da ba ta kama ba, jan yumɓu na leƙowa. Manyan zan sake musu huci in ƙara falle, ƙananan zan bar su. Goge na ƙarshe sai yumɓun ya bushe sarai, in ba haka ba dutse zai yage fallen.

Game da ratayewa, mun zauna da fasto mun daidaita. Ƙaramin ɗakin addu'a ne, ba cikin wurin sujada ba. Takardun za su tafi bisa jerin lokaci: shuɗi, toka, layi ɗaya na Jumma'ar gicciye, shuɗi kuma, allo a ƙarshe. Za a sauke su ƙasa da yadda aka saba, daidai idon mutumin da ke zaune, a sa benci a gabansu. Takardun toka na buƙatar gilashi da ɗan tazara tsakaninsa da takarda, domin tokar na kakkaɓewa in an shafa. Ba sunana a bango. Kati ɗaya ne zai kasance a bakin ƙofa, da kalmomin addu'ar a rabe biyu da taƙaitaccen bayanin yadda aka ja layukan. A kan ƙaramin tebur kuma za a ajiye takarda da buroshi da kwanon launi ga mai son gwadawa.

Saura firam, saura rabin zinariya, saura takardun makon ƙarshe. Ina so takardar Baba, dattijon nan mai ciwon huhu, ta shiga tsakiyar na toka, amma tasa ce, ba tawa ba. Ranar Asabar zan je gaishe shi in nemi izininsa. In ya ce a'a, sai in sake lissafin bangon.